Mudu Ɗaya ga Yaro da Yarinya: Darasi a kan Horon 'Yan Makaranta

Ya kai mai karatu, ka taɓa tsayawa a kasuwa ranar da ta ke ci, ka lura da masu awon gero? Wanda ya ke mutumin kirki a cikinsu, mudu ɗaya ke gare shi. Da shi ya ke saye, da shi ya ke sayarwa. Da shi ya ke auna wa attajiri, da shi kuma ya ke auna wa tsohuwar da ta zo da 'yan kuɗinta ƙulle a bakin zane. Amma akwai mai ajiye mudu biyu a ƙarƙashin tabarma, babba da ƙarami, sai ya dubi fuskar mai saye tukuna ya zaɓi wanda zai ɗauko. Kowa ya san sunan da a ke kiran irin wannan mutum da shi, ba kuwa mai so a kira shi haka.

Darasinmu na yau a kan awo ne. A Birchi da Kurfi da Dutsin-Ma, da sauran garuruwan ƙasar Katsina, yara maza da mata suna karatu a makarantun sakandare, waɗansu na kwana, waɗansu na jeka-ka-dawo. Yaro ba ya rasa laifi, gama ƙuruciya ke nan. Inda laifi ya ke kuwa, lalle a yi horo. Abin da za mu bincika shi ne, da wane mudu a ke auna laifin yaro, da wane kuma a ke auna na yarinya? Ko kai uba ne, ko ke uwa ce, ko malami ne kai, ko kuwa babban ɗalibi wanda aka ba shi firifet, maganar ta shafe ka.

1. Mene ne horo?

Ka lura da wannan kalma da kyau. Mu kan ce an yi wa doki horo, an yi wa soja horo, an yi wa malami horo kafin a ba shi aji. Mu kan kuma ce an yi wa mai laifi horo. Kalma ɗaya ce, gama a wurin kakanninmu abin ɗaya ne: a bi da mai rai har ya iya abin da a ke so ya iya. Maƙeri ya kan bugi ƙarfe domin ya zama fartanya. Idan ya yi ta bugu har ƙarfen ya tsage, ba a ce ya ƙware, sai a ce ya yi asarar ƙarfe da gawayi duka.

Saboda haka ga ma'aunin kowane horo: bayan an gama, yaron nan ya ƙara kusa da karatu da halin kirki, ko ya ƙara nisa da su? Idan ya ƙara kusa, an yi horo. Idan ya ƙara nisa, an huce fushi ne kawai a kansa. Ka riƙe wannan ma'auni a ranka, gama da shi za mu gwada dukan abin da ke biye.

2. Inda mudu biyu ya samo asali

Sa'ad da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta a 1922, yara maza kaɗai aka ɗauka. A can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita suka yi karatu. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa. Makarantar 'yan mata kuwa ba a buɗe ta a birnin Katsina ba sai 1930, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Watau dokokin makaranta da al'adunta domin maza aka fara tsara su. Mata daga baya suka shigo, suka tarar an riga an yanka rigar a jikin wani.

Dokar ƙasa ma ta bambanta. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya soma aiki a 1960, ya ce a sashe na 55 ba laifi ba ne malamin makaranta ya hori yaron da aka danƙa masa, muddin bai kai shekara 18 ba, horon kuma bai kai ga mummunan rauni ba. A sashe na 77 ya ba kotu ikon yanke wa mai laifi namiji bulala har 12, bai sa mace a ciki ba. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. A ƙasar Singafo doka ta yarda a yi wa ɗalibai maza bulala a makaranta, ta hana a yi wa mata. Waɗansu ƙasashe kuma sun ajiye bulalar gaba ɗaya: Ingila ta yi dokar hana ta a makarantun gwamnati a 1986, Afirka ta Kudu a 1996, Kenya a 2001.

Daga nan mutane suka ɗauka cewa jikin namiji na duka ne, mace kuwa an raga mata. Amma ka yi haƙuri mu duba ko da gaske an raga mata.

3. Misali

Bari mu yi misali da wata makarantar jeka-ka-dawo, inda maza da mata ke zama aji ɗaya. Wata rana malami ya kama takarda tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Da ya buɗe, sai ya ga wasiƙar soyayya ce, wani yaro ɗan aji biyar ya rubuta wa wata yarinya 'yar aji huɗu. Aka kai su ofis. Yaron aka kwantar da shi a kan benci, aka tsala masa bulala shida. Ya tashi yana cije leɓe, abokansa suna yi masa kirari a ɓoye, kafin tashi ya koma aji. Yarinyar ba wanda ya taɓa ta. Sai dai kashegari aka tsayar da ita a gaban taron safe, aka karanta wasiƙar da ƙarfi, aka yi dariya, wani malami ya kira ta da sunan da ba ya faɗuwa, aka ce ta tafi gida mako biyu ta zo da ubanta.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. An faɗe shi a bakin rijiya, an faɗe shi a majalisar ƙofar gida. Uban ya ji kunya ta rufe shi, ya ce boko ya ƙare. Mako biyu suka cika, ba ta koma ba. Kafin kaka aka ɗaura mata aure. Yaron kuwa ya zana jarrabawarsa ya wuce.

Yanzu ka auna da kanka. Wa ya rubuta wasiƙar? Wa ya fi shan horo? Shatar bulala ta baje a kwana bakwai, amma kalmar da aka jefi yarinyar da ita tana nan, gama magana zarar bunu ce. Shi an karɓi awa ɗaya daga ransa, ita an karɓi dukan karatunta. Malaman kuwa sun kwana suna tsammani sun tausaya mata, tun da ya ke ba su buge ta ba.

4. Abin da mudu biyu ke yi wa yaro namiji

Kada ka ce ashe namiji ya ji daɗi. An zalunce shi shi ma ta wata hanya. Domin an ce namiji ba ya kuka, sai a yi ta jibgarsa a kan ƙaramin abu: dorina, da tsallen kwaɗo, da kamun kunne, da durƙuso a rana tsaka. Ba a cika tambayarsa dalili ba. Ya makara da damina, ba wanda ya tambaya ko sai da ya kai shanun huɗa gona kafin ya taho. Ya yi barci a aji, ba wanda ya tambaya ko ya karya kumallo.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Na fari, jiki ya kan saba. Yaron da a ke duka kullum ya kan daina jin tsoron bulala, ya mai da ita abin alfahari. Ranar da ya yi babban laifi kuwa, ba sauran abin da zai tsorata shi. Na biyu, ya kan koyi darasin da ba a rubuta a allo ba, watau mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Ran da ya zama siniya a makarantar kwana, abin da aka yi masa zai yi wa na ƙasa da shi, har da ƙari. Ran da ya yi aure, matarsa da 'ya'yansa za su karɓi saura. Na uku, waɗansu su kan gudu. Su fita da safe da littattafai, su ƙare a tasha.

Wani zai ce, ai mu ma an buge mu, ga shi mun zama mutane. Gaskiya ne ka zama mutum, madalla. Amma ka ƙidaya waɗanda kuka shiga aji ɗaya tare, ka ƙidaya waɗanda kuka gama tare. Waɗanda bulala ta kora ba su nan balle su ba da shaida; kai da ka tsira kai kaɗai a ke jin muryarka.

5. Abin da mudu biyu ke yi wa yarinya

Horon yarinya da baki a kan yi shi, da kunyatarwa, da kora. Laifin da idan namiji ya yi za a ce ƙiriniya ce, idan ita ta yi sai a ce lalacewa ce. Ya ɗaga murya, an ce yana da zuciya. Ta ɗaga murya, an ce ba ta da kunya. Ta makara, aka rufe mata ƙofa, ba a tuna ba sai da ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, wataƙila har ta kai tallan koko, kafin ta sa kayan makaranta. Ta yi fashin kwana uku a wata, malami ya tsare ta a gaban aji sai ta faɗi dalili, alhali dalilin al'adar mata ce, wadda ba za ta iya faɗa wa namiji ba ko za a yanka ta.

Mafi nauyi duka shi ne maganar ciki. Ciki ba ya samuwa da mutum ɗaya, amma a jikin mutum ɗaya ya ke bayyana. Saboda haka ita a kan kora, shi kuwa, ko ɗalibi ne ko babban mutum, ya ci gaba da harkarsa. Wannan darasi ba ya wanke laifi. Abin da ba shi da kyau ba shi da kyau. Amma ka san abin da doka ta ce. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka a kan haƙƙin yara, ta 1990, ta ce a yi horon makaranta da tausayi da kiyaye mutuncin yaro, ta kuma ce a ba yarinyar da ta yi ciki damar ci gaba da karatu. Dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta maimaita wannan a sashe na 15, cewa bayan ta haihu a bar ta ta koma. Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020. Ƙasar Saliyo ta hana 'yan mata masu ciki zuwa makaranta a 2015. Aka kai ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja, kotun ta yanke a watan Disamba 2019 cewa wannan nuna bambanci ne, a watan Maris 2020 kuwa Saliyo ta janye hanin. Tanzaniya ma ta buɗe musu ƙofa a 2021.

Wani kuma zai ce, mace ba ɗaya ta ke da namiji ba, mutuncinta kamar ƙwai ne, dole a tsananta. To, mun ji. Amma wa ya taɓa ganin mai kiyaye ƙwai ya ɗaga shi sama a tsakiyar kasuwa ya sake shi? Idan mutuncinta mai saurin fashewa ne, wannan dalili ne na rufa mata asiri. Wanda ya tona ta a gaban taro da sunan tsare mutuncinta, shi ne ya fasa abin da ya ce yana tsaro.

6. Wani haɗari da ba a so a faɗa

Ikon horo iko ne babba, mai riƙe da shi kuwa mutum ne, zuciya gare shi. Malami namiji wanda ke da ikon kiran budurwa ofis ita kaɗai, ko ya aike ta gidansa shara da ɗiban ruwa da sunan horo, ko ya yafe mata laifi idan ya ga dama, an sa shi a bakin rami, an sa ta ita ma. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a kan cin zalin yara a Nijeriya. Aka samu yara 6 cikin 10 sun gamu da wani irin cin zali kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, sun gamu da cin zali na lalata. Ba a makaranta kaɗai wannan ke faruwa ba, amma makarantar da ba ta yi shinge ba ta bar ƙofa a buɗe. Malamin kirki ba ya jin haushin shinge, gama shingen da ya tsare yarinyar shi ne ya tsare sunansa daga zargi.

7. Ƙa'idodi bakwai

Ta ɗaya. A tambayi dalili kafin a yanke hukunci, ga namiji da mace duka. Ruwa ba ya tsami banza.

Ta biyu. A rubuta dokokin makaranta da horon kowane laifi, a karanta wa ɗalibai da iyaye a farkon shekara. Laifi ɗaya, nauyi ɗaya. Idan mutum biyu suka yi laifi tare, a tuhume su tare.

Ta uku. Kada a yi horo cikin fushi. Malamin da ransa ya ɓaci ya dakata sai gobe, ko ya miƙa maganar ga wani. Hukumar rajistar malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, ta sa cikin ƙa'idodin aikin malanta cewa kada malami ya yi duka sai da izinin hukumar makaranta. Firifet kuwa kada a ba shi bulala ko kaɗan, gama yaro ne shi ma.

Ta huɗu. A rufa asiri. Laifin da aka yi a ɓoye a gyara shi a ɓoye. Zagi, da baƙar magana a kan jiki ko iyaye ko mutunci, ba su cikin horo.

Ta biyar. Maganar yarinya a yi ta a gaban malama ko metiron, ƙofa a buɗe. Kada namiji ya ɗora hannu a jikinta, kada kuma a aiki ɗalibi, mace ko namiji, aiki a gidan malami da sunan horo.

Ta shida. Horon aiki ya dace da laifin, ya kuma zama bayan darasi. Wanda ya ɓata bango ya wanke bango. Wanda ya yi fashin darasi ya zauna ya rama darasin. Tsintsiya ba ta san mace ba, lauje bai san namiji ba.

Ta bakwai. Kora ita ce ta ƙarshe, kada kuma ta zama a hannun mutum ɗaya. A zauna da kwamiti wanda akwai mace a cikinsa, a ji ta bakin ɗalibin da iyayensa, a kuma faɗi ranar dawowa da sharaɗinta tun kafin a sallame shi.

Domin a san ko ana bin waɗannan, shugaban makaranta ya ajiye littafin horo: suna, da laifi, da abin da aka yi, da wanda ya yi. A ƙarshen zango ya raba shafi biyu, maza a dama, mata a hagu, ya ƙidaya. Nawa aka buga, nawa aka kora, nawa suka dawo? Littafin zai gaya masa gaskiyar da ba mai gaya masa, ko mudunsa ɗaya ne ko biyu.

8. Kalma gare ka

Kai uba, idan an aiko a kira ka saboda 'yarka, ka je kamar yadda za ka je saboda ɗanka. Ka ji ta bakinta kafin ka ji ta bakin gari. Kada kunyar mako guda ta sa ka yanke abin da za ta yi shekara hamsin tana biya. Ke uwa, ki duba aikin safe da ki ke ɗora mata, ki raba shi tsakaninta da 'yan'uwanta maza, domin kada a hore ta a makaranta saboda biyayyar da ta yi miki a gida.

Kai malami, da kai ɗalibin da ke koyon malanta a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, ka tuna da zamanin da mu ke ciki. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace yara maza fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara; a ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara. Iyayen da suka ji wannan duka, suka kuma ci gaba da turo maka 'ya'yansu, sun yi ƙarfin hali ba kaɗan ba. Kada ya zama abin da 'yan bindiga suka kasa yi, watau raba yaro da karatu, kai ka yi shi da bulalarka ko da harshenka.

Kirista da Musulmi duka sun yarda yaro amana ne, mai amana kuwa za a tambaye shi. Ran da za a tambaye ka, ba za a ce nawa ka buga ba, ko nawa ka kora. Za a ce, waɗanda aka ba ka, maza da mata, ina su ke? Allah ya ba mu ikon riƙe mudu ɗaya.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane ma'auni ne za ka gane horon gaskiya da shi?
2. A cikin misalin wasiƙa, wa ya fi shan horo, don me kuma malaman ba su gane haka ba?
3. Faɗi abu uku da yawan duka ke koya wa yaro namiji.
4. Me dokar 2003 ta ce a kan yarinyar da ta yi ciki kafin ta gama karatu?
5. Ƙa'ida ta biyar wa ta ke tsarewa, yarinyar ko malamin?
6. Ka duba gidanka. Idan ɗanka da 'yarka suka yi laifi iri ɗaya, da mudu nawa ka ke auna musu?